Gadon Wuta a Setapak

Da kuka je Zariya bikin Fa'iza, wasu daga cikin 'yan'uwan Ummanku sun faɗa muku cewa ni na kori kakarku Inna daga Malesiya. Mubarak ya dawo ya yi mini tambayar a tsaye, hannu cikin aljihu. Ban amsa masa ba, domin ba magana ce ta tsaye ba. Ga amsar yanzu. Zan bi ta daki-daki yadda ta faru, kuma ba na son wani ya karanta rabi ya ajiye.

A lokacin muna zaune a Setapak, hawa na tara, gida mai ɗakuna uku da banɗaki ɗaya. Aikina shi ne wanda kuka sani: in tattara kayan 'yan kasuwa da na ɗalibai a Chow Kit, in auna, in ɗaure, in tura Kano. Fa'iza a gida aka haife ta, Ummanku ta yi wankan jegonta a Zariya a hannun mahaifiyarta, da ruwan da aka tafasa a tukunya da ganye da komai. Mubarak kuwa a nan aka haife shi, ba kowa a kusa sai matan ɗalibai, su ma yara ne. Abin da ke banɗakinmu wata 'yar hita ce maƙale a bango, ruwanta bai wuce ɗumi ba. Da shi ta yi wanka. Bayan haka ta daɗe tana fama da ciwon baya da na gaɓoɓi, kuma duk Zariya babu wanda ya yi shakkar dalili: sanyi ya shige ta, an bar 'yar mutane ta yi ɗanyen jego a ƙasar da ruwan sama ba ya ɗaukewa. Inna ta riƙe wannan a ranta shekara da shekaru.

Saboda haka da aka samu cikin Ummi, saƙon da ya zo daga Zariya gajere ne. A kawo Lami gida. Lami shi ne sunan da Inna ke kiran Ummanku. Kuma ba wanka kawai za ta yi ta dawo ba, sai ta yaye. Ku a yanzu za ku ga kamar abu ne mai sauƙi, jirgi ya kai ta jirgi ya dawo da ita. Ba haka ba ne. Takardar zamanta a jikin tawa take, idan ta daɗe a waje ta mutu, sabuwa kuma ba a samunta yadda ake so. Na ga magidanta a Chow Kit waɗanda matansu suka tafi haihuwa, har yau su kaɗai suke cin abinci a mamak, wato gidan abinci na bakin titi, 'ya'yansu sun san su a waya kawai. Ga Fa'iza da Mubarak suna makaranta. Ko dai a raba su da uwarsu, ko a raba su da ni. Abin da nake tsoro ke nan, kuma shi kaɗai ne: kada Ummanku ta fita daga gidan nan ta kasa dawowa.

Suruki ba ya jayayya da surukarsa. Na kira Kawu Ila, ƙanen Inna, na roƙe shi ya shiga tsakani. Bayan kai da kawowa ya kira ni da abin da aka tsayar.

"Ta ce za ta zo da kanta. Idan ta tarar da abin wanka yadda ake yi, ta yi wa 'yarta ta dawo. Idan ba ta tarar ba, ta taho da ita da abin da aka haifa. Ka yarda?"

Na ce na yarda.

"Ka dai yi tunani, Sabi'u. Yayata ce, na san ta. Ba ta cewa abu ya yi don a ji daɗi."

Na sake cewa na yarda.

Na kira mai aikin famfo ya duba gidan. Ya ce sai an sa babban tanki mai dafa ruwa, kuma ba zai shiga banɗaki ba, sai can bayan kicin inda ake shanya. Daga can a fasa bango a binne bututu har banɗaki. Da ya faɗi kuɗinsa na yi masa godiya na raka shi bakin lif. Shekarar ba ta yi wa kowa daɗi ba. Naira ta faɗi, ɗalibai sun ragu, kaya ba sa zuwa kamar da, ga tikitin Inna, ga asibiti a gaba. Mai gidan ma, wani dattijo Bamale, ya ce bai yarda a fasa masa bango ba. In dai a waje za a bi da bututun, kuma in cire idan zan tashi, to boleh, wato babu laifi. Ni kuwa karatuna bai yi nisa ba, amma kafin in shiga kasuwa na yi shekaru ina bin wani kawuna mai aikin famfo a Fagge, ina riƙe masa sifana yana zagina. Na ce abin da na koya da zagi ba zan biya wani ya yi mini shi ba.

Ga yadda na yi. Da farko na auna hanyar da igiya, daga wurin shanya, ta saman ƙofar kicin, ta bi bangon lungu, ta wuce ƙofar ɗakin Ummanku, ta shiga banɗaki ta ƙaramar taga. Sannan na sayi tankin, na hannu, daga wani otal da ake rushewa a Chow Kit, na wanke cikinsa har sai da ruwa ya riƙa fitowa fari. Sannan bututu. Ban sayi na roba ba, domin ruwan da Inna za ta nema zai lanƙwasa shi. Na jan ƙarfe na saya, da mahaɗai masu noti waɗanda ba sa bukatar wuta. Wajen lantarki kuwa ban taɓa ba, na kira mai aikin na biya shi, domin abin da ban iya ba ba na wasa da shi. Kowace Asabar da Lahadi in yi wani sashe. In yanka, in goge bakin, in haɗa, in ɗaure, in buɗe ruwa in tsaya ina kallo. Inda ya yi gumi in kwance in sake. Ban taɓa wucewa gaba ba alhali akwai ɗigo a baya.

Ummanku tana zaune a kujera da cikinta, tana tsince shinkafa tana kallona a kan tsani.

"Malam, wannan aikin dai kafin ka gama shi yaron ya shiga makaranta."

Na ce ta bar ni in ƙirga.

"To ƙirga. Amma ka sani idan ka faɗo ba mai ɗaga ka, ni kaina ɗaga ni ake yi."

Na gama kafin Inna ta sauka.

Ba ku san wahalar zama da suruka a gida irin wannan ba. A Zariya idan na je gaishe ta, a zaure nake cire takalmi, in durƙusa daga bakin ƙofa, ita tana ciki bayan labule. Ban taɓa cin abinci a gabanta ba, ban taɓa kallon fuskarta sosai ba. Yanzu ga mu a gidan da idan mutum ya yi tari a ɗaki ana jinsa a kicin. Na koma cin abinci a tsaye a wurin shanya. Idan zan shiga lungu sai na yi gyaran murya ta samu ta kauce. Ita kuma ba ta yi mini magana kai tsaye. Ko muna falo ɗaya, Ummanku take gaya wa, ni kuma in amsa wa Ummanku.

Washegarin zuwanta ta ce a nuna mata ruwan. Na kunna tanki tun da asuba na murɗa shi har ƙarshe. Ummanku ta tara babban baho, ni ina lungu a tsaye. Tururi ya cika banɗakin har madubi ya rufe. Inna ta naɗe hannun riga ta tsoma yatsu, ta cire da sauri, ta sake tsomawa.

"Ki gaya wa mijinki ruwa ya yi."

Ban taɓa jin daɗin wata magana kamar wannan ba. Amma ba ta gama ba.

"To ina gadon?"

A garinsu mai jego ba wanka kawai take yi ba. Akwai gadon ƙasa da ake ginawa da rami a ƙarƙashi, a zuba garwashi, ta kwanta a kai jikinta ya gasu. Inna a kan irinsa ta yi jegon 'ya'yanta duka, a kansa Ummanku ta yi na Fa'iza. Ni ban sa shi a lissafi ba, domin mu a gidanmu a Kano ba a yi. Inna ta taka tayil ɗin ɗakin da tafin ƙafarta ta ce wannan ai ƙanƙara ce. Ta dubi taga, ana ruwa kamar kullum da la'asar. Ta ce a nemo kasko da gawayi a riƙa sawa a ƙarƙashin gado. Na ce wa Ummanku ta ba ta haƙuri, gawayi a rufaffen ɗaki a hawa na tara kisa ne, kuma hayaƙi kaɗan ƙararrawar ginin za ta tashi a fitar da mu gaba ɗaya. Inna ta ce to, ai an yi sharaɗi.

Na kwana biyu ina tunani. Bututun ruwan zafi yana wucewa ta bakin ƙofar ɗakin, idan ka dafa shi bayan an tara ruwa sai ka janye hannu. Na ce me zai hana in karkato da shi ciki, ya yi ta kai da kawowa a ƙarƙashin katakon gado, sannan ya koma tanki? Na je kedai, shagon kayan gini na wani tsoho ɗan Caina da nake saye a wurinsa, na zana masa a bayan kwali. Ya ɗaga tabarau ya dube ni.

"Bos, a ƙasar nan kowa kuɗi yake biya a sanyaya masa ɗaki. Kai kaɗai ka zo a dafa maka naka?"

Na ce na mai haihuwa ne.

"A'a, to, na gane lah. Uwata ma wata guda ba ta bar matata ta taɓa ruwan sanyi ba. Tsofaffi duk ɗaya ne, ba ka cin su da magana. Amma ruwa ba zai zagaya da kansa ba, sai ka sa masa ɗan inji."

Ya ɗauko mini wani ƙaramin inji mai tura ruwa, ya nuna mini inda zan sa makulli biyu, ɗaya a shiga ɗaya a fita, don in iya rufe na gadon ba tare da na taɓa na banɗaki ba. Na ɗaga katifa, na jera bututun layi-layi a ƙarƙashin katakai, tazara ɗaya, kowane lanƙwasa na yi shi a hankali don kada ya karye. A duk aikin hannun da na yi a rayuwata babu wanda ya kai wannan kyau, kuma ko ɗigo ɗaya bai taɓa yi ba. Da na kunna, kafin a yi sallar la'asar katifar ta ɗauki zafi. Inna ta shimfiɗa tafin hannu a kai ta daɗe ba ta ɗaga ba. A ranar na ji ta ta bayan ƙofa tana waya da mutanen Zariya.

"Wallahi gadon wuta ya yi mata, ba hayaƙi ba toka. Yaron nan ashe yana da kai."

Aka haifi Ummi lafiya. Na sa mata sunan Inna, shi ya sa ba a kiran sunanta na yanka. Aka fara wanka safe da yamma. Ganyen darbejiya ina samo shi wurin wani Ba'indiye a kasuwar Chow Kit, kanwa kuwa Inna ta zo da abarta a ƙulle cikin zani, kullum sai an dama kunu da ita. Gidan ya zama tanda. An hana kunna fanka a ɗakin, an rufe taga. Fa'iza da Mubarak suka kwaso katifunsu suka dawo falo, Mubarak yana yawo ba riga yana cewa panas, panas, wato zafi da Malayanci, Inna tana ce masa ya yi mata Hausa ko ya yi shiru. Matan ɗalibai da suka zo barka daga Wangsa Maju ba sa iya daɗewa a ɗakin, su fito suna fifita da mayafi suna dariya, suna cewa su ma idan sun tashi haihuwa a nan za su kama haya. Ni kuwa hankalina a kwance. Kullum da safe in bi bututun da hannu daga tanki har gado, in tabbatar komai daidai, in tafi aiki.

A mako na uku na fara ganin abin da ban gane ba. Ƙafafun Ummanku suka kumbura har zoben azurfar da ke yatsan ƙafarta ya nutse. Ta fara wani busasshen tari. Ta daina kwanciya sosai, sai ta jera matasai ta jingina. Na tambaye ta, ta ce gajiya ce. Inna ta ce sanyin wancan jegon ne yake fitowa, a ƙara wuta. Na ƙara, domin ni ma abin da na taso ina ji ke nan. Sai wata safiya ina ɗaura takalmi na ga ta fito daga ɗaki za ta banɗaki. Lungun nan ni na auna shi da igiya, na san ba shi da wani tsawo. Kafin ta kai ƙarshensa ta tsaya sau biyu, ta dafa bango, bakinta a buɗe tana neman numfashi. Ba ta san ina kallo ba. Na cire takalmin. Na ce ta shirya, ranar awon jaririya ce. Ba ranar ba ce, amma Inna ba ta san kwanakin asibitin nan ba.

Likitar mace ce, ba ta kai Ummanku shekaru ba. Ta saurari ƙirjinta, ta danna ƙafarta yatsa ya bar rami, ta tura mu hoto. Da sakamako ya fito ta ce zuciyar ce ta raunana, ba ta tura jini yadda ya kamata, ruwa yana taruwa a huhu. Ta ce yakan faru da wasu mata bayan haihuwa. Ta tambayi me take ci, yaya take kwana. Na faɗa mata komai, har gadon. Ta ajiye biro. Ta ce daga yau babu kanwa, gishiri kaɗan, wanka da ruwa mai ɗumi, ɗaki mai iska. Na tambaye ta kai tsaye ko zafin ne ya jawo. Ta ce ba za ta iya cewa shi ne ba, wasu suna samunsa ba su taɓa ganin ruwan zafi ba. Abin da ta sani shi ne zuciyar da ke wannan halin ba za ta iya ɗaukar ƙarin kaya ba, idan aka ci gaba za a iya rasa ta. Har yau abin da na sani ke nan, ban ƙara ba ban rage ba. Suka riƙe ta kwanaki.

Na aika wa Inna bayani ta bakin Kawu Ila a waya. Abin da ya dawo mini da shi shi ne, ta ce likitocin nan ba su san jikin Bahaushiya ba, sun kwantar da mai jego a ɗakin sanyi kamar kifi, idan ta dawo sai an ninka gashi kafin a gyara ɓarnar da suka yi. Ya ce ya yi iya ƙoƙarinsa.

Ranar da aka sallame ta, da hantsi muka iso. Ina buɗe ƙofa zafi ya bugi fuskata. Inna ta kunna komai tun safe, ta rufe tagogi, baho cike yana tururi, ganye a jiƙe, ƙamshin kunun kanwa ya cika kicin. Ta yi duk wannan ne don ta tarbi 'yarta. Ina so ku riƙe wannan. Tsohuwa ce da ta bar garinta ta hau jirgi karo na farko a rayuwarta ban da aikin Hajji, ta zauna a cikin akwati a sama inda ba ta jin yaren kowa, don kawai ta ceci 'yarta da abin da ta sani.

Na zaunar da Ummanku a falo kusa da taga na buɗe. Na shiga ɗaki na rufe makullan nan biyu, na kashe injin. Da na tsaya a nan da an zauna lafiya na yini ɗaya, amma Inna ta ga yadda nake buɗe su kullum, kuma ni ba na wuni a gida. Na ɗauko zarto da bokiti. Na ɗaga katifa. Na yanke bututun a mashiga, na yanke a mafita, ruwan ya zuba a bokiti yana tururi. Da na ɗago, Inna tana tsaye a bakin ƙofa da Ummi a kafaɗa. Ba ta nemi wanda za ta aika ba.

"Kai Sabi'u. Me kake yi?"

Tun da na auri 'yarta ban taɓa jin sunana a bakinta ba. Na durƙusa a inda nake, zarton yana hannuna.

"Inna, ki gafarce ni. Ba za ta ƙara kwanciya a kansa ba."

"Ni na haife ta ko kai?"

"Ke ce, Inna."

"Tara na haifa, a kan wuta na yi jegonsu, ga ni tsaye. Yarinyar da ba ta san zafin naƙuda ba ita za ta koya mini?"

Na ce ban san abin da ya fi ba a da, amma wannan karon haka za a yi. Ban ɗaga kai ba. Ta juya ta fita falo.

"Lami, kin ji. An karya sharaɗi. Ranar da zan tafi tare za mu tafi, ke da yarinyar nan."

Gaskiyarta ce, an karya, kuma ni na karya. Na fito na tsaya a lungu da bokiti. Da Ummanku ta fara magana, a hankali take yi, tana hutawa tsakanin kalmomi.

"Inna, tun sati na biyu nake jin kamar an ɗora mini dutse a ƙirji idan kika watsa mini ruwan nan. Na yi shiru."

"Don me?"

"Don ki ce ya yi. Idan na ce ba na iyawa za ki tafi da ni, in bar waɗancan biyun. Na ce zan daure har arba'in kowa ya huta. Ban iya ba. Ki yafe mini, Inna, amma ba zan bi ki ba."

Ni da na yi sharaɗin, da Inna da ta gindaya shi, babu wanda ya taɓa tunanin cewa wadda za ta biya shi ita ce wadda ba a tambaya ba. Inna ta matso wurin Ummanku. Ta miƙa mata jaririyar, ta shiga banɗaki. Muka ji ta buɗe famfon ruwan sanyi a cikin bahon da ta tara.

Ta zauna har ranar da ke jikin tikitinta, ba ta rage ko kwana ɗaya ba. Wannan shi ne abin da nake so ku gaya wa duk wanda ya sake ce muku an kore ta. A sauran kwanakin ita ta ci gaba da yi wa Ummanku wanka, da ruwa mai ɗumi, tana surkawa tana gunaguni. Ita ta riƙa dafa mata abinci ba kanwa, tana ɗanɗanawa tana ɓata fuska. Ita take goyon Ummi don uwar ta yi barci. Ni kuwa ko gaisuwata ta daina amsawa. In durƙusa in gaishe ta, ta ci gaba da abin da take yi.

Ni kaɗai na kai ta filin jirgi, domin Ummanku ba ta isa fita ba. Hanyar tana da nisa, gonakin kwakwar manja hagu da dama, tana baya ina gaba. Na auna mata kaya, na samu wani ɗalibi ɗan Kaduna da zai bi jirgin na damƙa masa ita. A bakin inda ba a barin mai rakiya ya wuce ta tsaya, ba ta dube ni ba.

"Ka raba ni da 'yata. To ka riƙe ta. Idan ta mutu a hannunka, kai da Allah."

Na ce, "Na ɗauka, Inna."

Ta wuce.

Ummanku ta ɗauki fiye da shekara kafin ta dawo daidai, kuma maganin da kuke gani ina miƙa mata safe da yamma tun daga lokacin ne. Likita ta ce kada ta sake haihuwa, shi ya sa Ummi ce auta. Tsakaninta da Inna waya ba ta yanke ba, kowace Juma'a suna magana, har dariya nakan ji. Ni dai ba a taɓa cewa a ba ni wayar ba. Muka sa ranar zuwa gida gaba ɗayanmu idan ta ƙara ƙarfi kuma kasuwa ta gyaru. Aka ɗaga sau ɗaya saboda jikinta, aka sake ɗagawa saboda aljihuna. Muna cikin shirin na uku, Ummi ta fara tafiya tana kama kujeru, Kawu Ila ya kira da rana tsaka ya ce Inna ta rasu bayan gajeriyar rashin lafiya, har an kai ta.

Rabuwar da suka yi a bakin lif, a hawa na tara, Inna da jakarta, Ummanku ta jingina da bango saboda ba ta iya doguwar tsayuwa, ita ce ganinsu na ƙarshe. Ummanku ta zaɓi ta zauna da ku, abin da ta biya ke nan. Ba ta taɓa ɗora mini ba, ko da wasa, ko cikin fushi. Ni kuma ban taɓa tambayarta ko ta yi da-na-sani ba. Ku ma kada wanda ya tambaye ta.